Yadda Ake Duba Ƙaramar Jif Ta Hannu Kafin A Kawo Ta Karaye Ko Rogo

Motar da na fara saya ta tona mini asiri ne a watan Agusta, a wata hanyar gona da ke bayan Rogo. RAV4 ce 'yar 2007, fara sol, an liƙa mata tambarin 4WD a ƙofar baya. Ruwan dare ya cika wani ɗan kwari, na ce to yau ranar jif ce. Na danna maɓallin da ke kulle ƙafa huɗu, na taka. Tayoyin gaba suka yi ta juyi suna feshin taɓo, na baya ko gezau. Sai da wasu samari masu dawowa daga noma suka ajiye fartanya suka sa kafaɗa sannan na fita. Washegari bakanikena ya shiga ƙarƙashinta, bai yi minti guda ba ya fito yana dariya.

"Yallaɓai, ai babu farfela a motar nan. Ƙafa biyu kake tafiya da ita tun ranar da ka saya."

Doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya wani ya kwance ta tun kafin motar ta zo hannuna, ni kuwa ranar ciniki fenti na tsaya kallo da sanyin esi. Tun daga nan, duk wanda ya ce in raka shi sayen mota, da tabarma nake tafiya, don a kwance ake fara duba ta.

Mutumin Karaye ko Rogo yana da hujjar son ƙaramar jif. Daga Kano ta Gwarzo kwalta ce, amma inda rayuwa take kai mutum ba can ba ne. Akwai hanyar burji mai gargada zuwa ƙauyen iyaye, akwai gonakin rani a gefen madatsar ruwan Challawa wadda aka kammala a 1992, akwai kasuwannin da ke kan iyakar Kaduna da Katsina. Tsakanin cikin RAV4 ko CR-V da ƙasa akwai kusan santimita 19, Corolla kuwa ba ta wuce 15 ba, kuma wannan 'yar tazarar ita ce ke raba wanda ya wuce da wanda ya bar salansa a kan dutse. Babbar jif kuma, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ta zama dokin sarakai.

Aikin yana farawa ne a gida, a garejin bakaniken da zai riƙa taɓa motar. Tambaye shi abin da hannunsa ya saba da shi, da abin da za a samu kayansa a Ƙofar Ruwa a dawo a yini guda. Amsar kusan kullum ba ta wuce Toyota RAV4 da Honda CR-V. Akwai 'yan Turai masu kyau da araha, amma araha ba ta ado ranar da motar ta kwana uku a Rogo tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas.

Kowace shekara kuma da ciwonta. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 an san ta da matsalar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa giya, sai ka ji tana canji da duka, in aka bar ta ta cinye giyabos ɗin. Ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 tana shan baƙin mai saboda ringin fistin, har kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita garanti a kan haka a Amurka. Daga 2009 aka koma inji 2.5, wanda ya fi kwanciyar hankali, kuma in aljihu zai kai, nan nake ba da shawara a tsaya. Akwai mai silinda shida, 3.5, tana da gudu kamar ta tashi sama, sai dai gidan mai zai san sunanka. CR-V ta 2002 zuwa 2006 kwamfuresan esinta kan fashe ya watsa ɓurɓushin ƙarfe cikin bututu duka. Daga 2015 kuma Honda ta sa wa CR-V giyar CVT, wadda ni dai ba zan kai ta inda za a zuba mata kowane irin man giya ba.

Sai zaɓi tsakanin Beljiyam da ta hannu. Sunan Beljiyam ya bi motocin ne tun zamanin da ake lodinsu daga tashar Antwerp, amma yawancin ƙananan jif na yanzu daga Amurka da Kanada suke, da yawansu daga gwanjon motocin inshora irin na Copart, wato motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. 'Yar Kwatano kuma tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka ta biyo ta can, takardunta abin tuhuma ne. Ta hannu ta fi sauƙin kuɗi, kuma idan ka san mai ita, ka san inda take kwana da wanda ke gyara ta, wani lokacin ta fi Beljiyam ɗin da ba ka san tarihinta ba.

Ranar dubawa a yi sammako. Ka gaya wa dillali kada a tayar da ita kafin ku iso, kuma da isarku ka ɗora tafin hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, domin inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ka zo da bakanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa daga aljihunka. Wanda dillali zai kira maka daga bayan shago, ko mutumin kirki ne, a wurin yake cin abinci.

Kafin a taɓa makulli, a karanta lambar shasi. Baƙaƙe da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, suna kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole su zo daidai da na takarda harafi da harafi. A motocin Amurka da Kanada, na goma shi ne shekarar mota: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Wannan 'yar ƙidayar ta sha ceton mutane, saboda ana sauya fitilu da bamba a mayar da 'yar 2007 ta koma kamar 'yar 2010 a ƙara mata kuɗi. Na farko kuma ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, 2 Kanada, S Ingila. Da 'yan kuɗi kaɗan ana iya sa lambar a intanet a ga tarihin motar a can, wani lokaci har da hotonta ranar gwanjo, gaba a murƙushe.

Yanzu a shimfiɗa tabarma. Ka bi tsakiyar motar da ido daga giyabos zuwa baya. In mai ƙafa huɗu ce, za ka ga farfela ta miƙe har akwatin da ke tsakanin tayoyin baya, da sanduna biyu da suka fita daga akwatin zuwa kowace taya. In akwatin yana nan babu farfela, an kwance. In babu akwatin ma gaba ɗaya, haka aka ƙera ta da ƙafa biyu, kuma irinsu suna da yawa a cikin 'yan Amurka. Wannan ba aibi ba ne, ta ma fi sauƙin mai, illa dai kada a karɓi kuɗin ƙafa huɗu a kanta. Kana kwancen ka sa sukudireba ka soki ƙarfen shasi nan da can. Motar Kanada ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, ana fesa mata baƙin fenti ta yi kyau, amma in ka soka sai tsatsa ta zubo maka a fuska kamar garin kuka. Duba walda inda kamfani bai yi walda ba. Duba robobin da ke rufe gaɓoɓin sandunan taya ko sun yage, da shokazoba ko yana tsiyayar mai. Duba tukunyar salansa da bakanikai ke kira indomi, domin ana yanke ta a sayar da abin da ke ciki a mayar da fanko.

Jiki ba ya ɗaukar lokaci. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa an cike wurin ne an shafe da fenti. Tazarar ƙofofi da bonet ta zama daidai hagu da dama.

Ciki ne ke buƙatar hanci. Ɗaga kafet, ka shinshina. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai zanen ruwa, leƙa ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, ka shafa lungunan but ko za ka ji laka busasshiya. Guguwar Sandy ta 2012 da ta Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017 sun jiƙa motoci masu ɗimbin yawa, kuma ba duka aka niƙe ba. Motar da ruwa ya ci tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya, ka zama ɗan gidan mai gyaran waya. Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Lambar tafiya kuma kada ta ruɗe ka. Ta Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa kilomita 240,000 ne, kuma ana mayar da ita baya. Robar birki da fatar sitiyari sun fi ta gaskiya.

Murɗa makulli rabi, kada ka tayar. Fitilun dashbod su kama duka, musamman ta cek injin da ta jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Bakanike ya tsaya a baya lokacin tayarwa: hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuma ruwa ne ke shiga inji. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, gasket ya tafi. In fanka ta kama gudu tun inji yana da sanyi, an haɗa ta kai tsaye kuma galibi an cire tamostat, alamar motar ta taɓa zafi aka rufe maganar. A jona na'urar sikana, kuɗinta bai kai na lita goma na mai ba.

Wajen gwaji dillali zai so ku zaga santsin kwalta ku dawo. Ka ce masa, "Alhaji, ba a nan za ta zauna ba." Nemi unguwar da ba a yi wa titi ba, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka saurari ƙafafunta a gargada. A fili ka karya sitiyari har ƙarshe ka zaga a hankali, hagu sannan dama. Ƙas-ƙas daga gaba gaɓar sandar taya ce. Gurnani daga baya a CR-V yawanci man akwatin baya ne ya tsufa ko aka zuba wanda ba nasa ba, don Honda tana da nata na musamman. Sannan ka hau babban titi ta shiga giyarta duka, ka ji ko tana jinkiri ko zabura. Da kun tsaya a zaro sandar man giya: ja mai haske ake so, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba.

Duk abin da aka gano a rubuta shi da kuɗin gyaransa, da wannan takardar ake ciniki. Ba a samun ta hannu marar aibi, abin nema shi ne aibin da ka san kuɗinsa. Taya huɗu kaɗai kuɗi ne mai kauri, don haka karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara, a san wanda zai biya.

Takardun duti kada ka yarda da hoto a waya, cinikin biri a sama ke nan. A kai su ofishin Kwastan na shiyyar Kano da Jigawa a tantance. Waɗanda suka ga yadda Kwastan suka garƙame wuraren sayar da motoci a 2019 sun san ba wasa ba ne, kuma tun 2022 da lambar shasi ake ƙiyasta duti. In ta hannu ce, a ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takarda, a bincika wajen 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya ta banki, a yi canjin suna a ofishin lasisi ba tare da jan ƙafa ba. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Kada ka kashe kuɗinka duka a kan saye. Ni kashi ɗaya cikin goma nake warewa, domin makon farko sai an juye baƙin mai da tacensa, an duba man giya da na birki, an wanke lagireto an zuba ruwansa na gaskiya maimakon na rijiya, an mayar da tamostat in babu. Daga nan kowace Juma'a da safe ka zaro sandar baƙin mai kafin ka tayar, a cikin wata guda za ka san ko tana sha. Da hunturu matatar iska ba ta jiran lokacin sabis, ƙurar hanyar Rogo kan toshe ta cikin 'yan makonni, a riƙa cirewa ana kaɗewa. Da damina a wanke ƙarƙashi duk lokacin da aka keta taɓo.

Saura maganar kaya, wadda ita ce ta fi wuya, don ba da bakanike ake yin ta ba. Ranar da motar ta iso gida, bayan an yi addu'a an sa albarka, za a samu ɗan'uwan da zai ce yana da masara buhu shida a gona, tunda ga jif. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka, da mutane da kaya gaba ɗaya, bai kai buhu biyar ba, kuma a rubuce yake a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kusa da lambar shasi. Tawa ta biyu shekararta huɗu a hannuna ban canja shokazoba ba. Kawuna dai, mai masarar, har yau in mun haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya tambaye ni ko har yanzu motar tawa ba ta warke ba.