Kwana a Bakin Kwara: Shawarwari ga Iyalan da Za Su Sauka a Yauri da Warra

Da zarar sanyi ya shigo, musamman lokacin bikin Rigata na wasannin ruwa, iyalai daga Sakkwato, Birnin Kebbi, Kontagora har Kano sukan nufi ƙasar Yauri. Wasu kallo ya kawo su, wasu biki ko gaisuwa, wasu sarin kifi da albasa. Da yawansu yanzu a otal suke sauka maimakon su ɗora wa dangi nauyi. Kwana kusa da babban ruwa yana da nasa ka'idoji, kuma gara maigida da uwargida su san su tun kafin a ɗaure kaya.

1. Ku zaɓi lokaci da la'akari da ruwa. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ita ta tare Kwara ta haifar da tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, wanda ya miƙo ta Warra har kusa da Yelwan Yauri. Sau biyu ruwa ke shigo masa a shekara. Na farko farin ruwa ne mai laka, na daminar ƙasashen nan kusa, daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu baƙin ruwa ne da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan tafki sai ya riƙa ja da baya har lokacin da farin ruwa zai sake shigowa. Saboda haka ɗakin da aka ce muku yana kallon ruwa, in kun zo a watan Yuni kuna iya tarar da taɓo da gonaki a gabansa. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ga ruwa cike, ga sauƙin zafi. In Rigata kuka nufa, ku kama ɗaki tun da makonni.

2. Kada ku biya kuɗi sai kun ga ɗakin. Ku tambaya ƙarfe nawa ake tayar da janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, ko akwai sola. Ku buɗe famfo ku gani. Ku duba ragar taga. Ko an ce akwai gidan sauro, ku zo da naku mai magani, domin sauron bakin ruwa ba ya tafiya hutu ko a rani. Masaukai sun fi yawa a Yelwa, don haka mai iyali ya fi samun sauƙi ya yada zango a can, ya je Warra ko Shanga da safe ya dawo kafin la'asar sakaliya.

3. Ku yi tambaya a kan mashaya, ba tare da jin nauyi ba.    Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma yankin tafki hanyar matafiya ce ta mutane iri-iri, kuma ba kowane masauki ne tsarinsa ɗaya ba. Ku tambaya ko ana sayar da giya a harabar, ko ana kiɗa da dare, ko akwai wurin salla. In akwai mashaya kuma babu wani wurin sauka, ku nemi ɗaki mafi nisa da ita. A wasu ƙauyukan yankin akwai waɗanda ba Musulmi ba da ke dafa burkutu a bukukuwansu na gargajiya. In an miƙo muku, ku ce kun gode, ba ku sha, cikin mutunci. Baƙo ba ya zuwa garin mutane da zagi.

4. Maganar jirgi ita ce ta fi damuna, kuma ina roƙon kowane maigida ya riƙe ta da hannu biyu. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra, kuma kaɗan ne suka tsira. Dalilan irin wannan hatsari sanannu ne: lodin da ya wuce ƙima, tsohon jirgi, iska, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika tafkin, waɗanda ba a ganinsu sai jirgi ya hau. Kafin ku shiga, ku dubi gefen jirgin. In tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, ku fasa, ko da kun biya. Ku guji jirgin ranar kasuwa da aka haɗa mutane da buhuna da babura. Kowa ya sa rigar ruwa, ta yaro kuma ta zama daidai jikinsa, don babba takan zame ta kai. Uwargida kada ta goya jariri da zane a cikin jirgi, ta riƙe shi a gaba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, saboda haka duk wanda ya ce zai kai ku yawo bayan magariba ku ba shi haƙuri. In hadari ya taso ko iskar hunturu ta yi ƙarfi, ku jira. Gara ku ƙara kuɗi ku ɗauki shatar jirgi ku kaɗai, da matuƙin da mutanen gari suka san shi.

5. Kada yara su yi wanka a gaɓa, ko sun ga 'yan gari suna yi. Ruwa mai kwanciya da ciyayi yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. Yaron da ya fara fitsarin jini makonni bayan kun koma gida, ku kai shi asibiti ku faɗa musu ya shiga ruwa, maganinta yana da sauƙi in an gano da wuri. Ga kuma dorina, wadda har yanzu take fitowa gonakin shinkafa a yankin Yauri. Kada a matsa kusa da ita don ɗaukar hoto. Ruwan sha kuwa na leda ko na gora, ko tafasasshe.

6. Ku ci kifi, shi ne abin alfaharin wannan ƙasa. Ku sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, ku zaɓi giwan ruwa ko karfasa ko tarwaɗa, ku duba idonsa garau, haƙarƙarin numfashinsa ja. Wasu masaukan sukan yarda su dafa muku in kun yi magana da mai girki. Na tsaraba kuwa banda ya fi, amma ku karya ɗaya ku duba ciki ko akwai tsutsa ko laima, ku shinshina, in kun ji warin maganin ƙwari ku bar shi. Ku haɗa da albasa da shinkafar gida.

7. Tafiya da rana kawai, ko ta Kontagora kuka biyo ko ta Jega da Koko. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 bai bar zukatan mutane ba. Kafin ku tashi ku kira wani mazaunin gari ko direban tasha ku ji halin hanya a ranar, kuma ku riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda sabis kan ɗauke.

8. Ku nuna wa yara inda suka zo. Gungawa, Kambari, Lopawa, Shangawa da Sarkawa masunta sun daɗe a wannan ruwa. Dubban iyalai ne aka tayar daga tsibirai da gaɓa lokacin gina madatsar, tsohon garin Busa kuma, inda Bature Mungo Park ya mutu a 1806 bayan ya wuce ta Yauri, yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Akwai dattawa a Warra da Yelwa da suka ga wannan ƙaura da idonsu. In kun samu ɗaya, ku gaishe shi da "Baba, ina gajiya", ku zaunar da yara su saurara, ku ba shi na goro. Kafin ku ɗauki hoton mata masu bandar kifi ko masunta a bakin aikinsu, ku nemi izini, in sun ƙi ku mayar da waya aljihu.