Zafin Mota Mai Zuwa Da Komawa

Ka san zazzaɓin da ke kama mutum yau, gobe ya sake shi, jibi ya dawo. Tsohuwar mota ma takan yi irinsa. Ran nan allura ta hau ja, ran nan ta zauna lafiya. Ka kai ta wurin bakanike, ta ƙi yin zafi a gabansa. Kada ka ce ta warke. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ƙyale ta, wata rana kan injin ya lanƙwashe a tsakiyar daji, da fasinja a ciki, kuɗin gyara kuwa ya cinye ribar watanni.

Yadda Ruwa Ke Sanyaya Injin

Famfo yana tura ruwa cikin injin, ya ɗebo zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto. Can iska ta sanyaya shi, ya komo ta tiyon ƙasa. A bakin hanyar akwai wani ɗan ƙyaure, makanikai suna ce da shi tamostat. Ba ya buɗewa sai ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a tudu kamar Jos yana tafasa wajen 96. Murfin lagireto yana danne ruwan domin kada ya tafasa da wuri. Saboda haka murfin nan ba abin rainawa ba ne.

Ka Lura Da Lokacin

Ka ajiye takarda da fensir a mota. Duk ran da allura ta hau, ka rubuta inda kake, da irin gudunka, da nauyin kaya. Bayan kwana kaɗan takardar za ta nuna maka mai laifi.

1. In zafi yana zuwa sa'ad da kake tsaye, ko cikin cinkoson kasuwa, amma ya sauka da ka kama hanya, to, ka tuhumi fanka. A kan hanya iska tana shiga da kanta, a tsaye kuwa sai fanka ta jawo ta. Ka danna fambel da yatsa. In ya yi sako-sako, ko ya yi santsi, yana zamewa. Fankar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, lantarki ke kama ta in injin ya yi zafi. Waya guda ta kwance, sai fanka ta kama yau, ta ƙi gobe.

2. In zafi yana zuwa wajen gudu, ko wajen hawa kamar Hawan Kibo, amma cikin gari babu kome, to, lagireto ya toshe. Daga waje ƙurar hunturu da ƙaiƙayi ke liƙe shi. Daga ciki kuwa tsatsa ce, da farar ƙasa ta ruwan rijiya. Ka kashe injin, ka shafa fuskar lagireton a hankali. Inda ka ji sanyi a tsakanin zafi, nan ruwa ba ya bi. Ka duba tiyon ƙasa kuma, gama in ya tsufa, famfo yakan zuƙe shi ya shafe wajen gudu.

3. In zafin ba shi da lokaci, allura ta hau farat ɗaya ta sauka farat ɗaya, to, ɗan ƙyauren nan yana maƙalewa. Ka cire shi, ka sa a tukunyar ruwa bisa wuta. Lalle ya buɗe kafin ruwa ya tafasa. In ya ƙi, ka sa sabo. Waɗansu sukan jefar da shi su bar wurin wayam. Wannan kuskure ne, gama injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa.

4. In ruwa yana raguwa ba ka ga yoyo ba, ka fara da murfi, domin shi ya fi araha. In ka sake shi abin bai bari ba, ka buɗe lagireto da safe injin na sanyi, ka ta da mota. Kumfa tana tasowa ba fasawa? Farin hayaƙi yana fita ta salansa ko bayan injin ya ɗumama? Baƙin mai ya zama kamar kunu? To, gasket ɗin kan injin ya ƙone. Wannan aikin bakanike ne, kada ka jinkirta.

5. Wani lokaci allurar ce ke ƙarya, don wayarta ta kwance. Ka tsananta duba ta kafin ka ɓatar da kuɗi.

Gargaɗi Biyu

Kada ka buɗe murfi injin na tafasa. Ruwan zai yi tsalle ya saɓule maka fatar fuska da ta hannu. Ka tsaya a inuwa, ka jira rabin sa'a ko fiye. Sa'an nan kada ka kwarara ruwan sanyi cikin injin mai zafi, gama ƙarfe yakan tsage, kamar tukunyar da aka sauke daga wuta aka tsoma a rafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Motarka tana zafi a kasuwa, ba ta yi a kan hanya. Me za ka fara dubawa?
2. Don me ba a zuba ruwan sanyi cikin injin mai zafi?