Darasi: Alkawalin maƙwabta da haƙƙin hanyar fatauci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, ku sani cewa zaman shawara tsakanin maƙwabta a kan aminci da fatauci abu ne mai asali. Malaman tafsiri sun ambata cewa Hashimu, mahaifin Abdul Muɗɗalibi, ya samo wa Ƙuraishawa alkawalin aminci daga mahukuntan Sham, ƴan uwansa kuma suka samo irinsa daga Yaman da Habasha da Farisa. Da haka ayarinsu ke zuwa Yaman lokacin ɗari, Sham lokacin bazara. Suratu Ƙuraishi ta tunatar da su ni'ima biyu: ƙoshi da kwanciyar hankali.

A shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya ƙulla sulhun shekara 10 da Suhailu ɗan Amru a Hudaibiyya. Sharuɗɗan sun yi wa sahabbai nauyi, har Suhailu ya ƙi a rubuta manzancinsa cikin takardar. Annabi ya sassauta a kan lafazi domin tsare maslaha, kuma ya cika abin da ya ɗauka.

Haka nan, da Sumamatu ɗan Usalu, shugaba a Yamama, ya musulunta, sai ya hana a kai wa Makka alkama. Ƙuraishawa suka kai kuka ga Annabi, shi kuwa ya aika wa Sumamatu ya bar abinci ya wuce, alhali ba su bar shirka ba.

To mu auna zamaninmu da wannan mudu. Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1.500, kuma ta ratsa dangi ɗaya: Maraɗi da Katsina, Ƙwanni da Sakkwato, Damagaram da Kano. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A 1975 aka kafa CEDEAO a Legas, a 1979 ta amince da zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba. Amma Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, CEDEAO ta ɗora wa Nijar takunkumi, aka yanke wutar lantarki da ke zuwa daga Nijeriya, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙawancen AES, suka fita daga ƙungiyar. Duk lokacin da aka tsare hanya, wanda ya fara jin jiki shi ne manomin albasa a Galmi, da mai kora dabbobi kasuwa, da majinyaci mai jiran magani.

Saboda haka wajibi ne ga shugabanni, kowace ƙungiya suke ciki, su zauna da maƙwabta, su cika abin da suka sa wa hannu, kada su mai da abinci da magani makamin jayayya. Ƴan kasuwa su bar algus da tauye mudu, ma'aikatan duwan su bar cin hanci, domin alkawalin da aka rubuta a Yamai ko Abuja, a bakin shinge ake cika shi ko a warware shi. Mu kuma mu kame harsunanmu daga zagin mutanen ƙetaren iyaka, don surukanmu ne, malamanmu ne, alƙiblarmu ɗaya.

Allah Ya daidaita tsakanin shugabanninmu, Ya sauƙaƙa wa talakawa abin masarufi. Amin.