Yadda Ake Duba Iskar Taya da Man Sitiyari Kafin a Kama Hanya

Duk direban da ke bin hanyar Talata Mafara zuwa Bakura ko Maradun ya san cewa lalacewar mota a tsakiyar daji, musamman da yamma, babban haɗari ne a halin tsaron da ake ciki. Akwai abubuwa biyu da ake iya dubawa cikin minti biyar don kauce wa hakan: iskar taya da man sitiyari.

Iskar taya

Ana auna iskar taya da ma'aunin PSI. Yawancin ƙananan motoci na buƙatar 30 zuwa 35, amma ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

A auna da safe kafin motar ta motsa, domin zafi na ɗaga iska: ƙarin digiri 6 na ƙara kusan PSI 1. Saboda haka kada a sace iskar tayar da ta ɗau zafi bayan doguwar tafiya, kamar daga Gusau. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke yawan lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe a kan kwalta. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. A sa mai faci ya ɗora geji, ko a sayi ƙaramin gejin dijital. Kada a manta da safaya.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun ƙarshen 2007 suna da na'urar TPMS, amma fitilarta ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga tsofaffin motoci, akwai murafan bawul masu Bluetooth da ke nuna awon a waya.

Man sitiyari

Ba kowace mota ke amfani da shi ba. Corolla ƙirar Amurka daga 2009 sitiyarin lantarki gare ta. Idan motar mai mai ce:

1. A ajiye ta a wuri mai daidai, a kashe inji, a buɗe bonet.
2. A nemo ƙaramar robar da aka zana sitiyari a murfinta.
3. Man ya tsaya tsakanin MIN da MAX.
4. Idan ya yi baƙi ko yana warin ƙuna, lokacin canji ya yi.
5. A zuba irin wanda littafin motar ya ambata. Honda na da nata na musamman, kuma kada a kuskura a zuba man birki.

Idan sitiyari ya yi tauri ko yana kuka wajen juyawa, ko man na raguwa kullum, to mai yiwuwa akwai yoyo a tiyo ko famfo, sai a kai wa bakanike.

A sa tunatarwa a kalandar waya: sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.