Kafin ku buɗe wa manhaja ƙofar cikin gida

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan Filinge. Tsofaffin na'urorin da ake kawo mini daga makarantu da ofisoshin ƙasar Kurfai, galibi Ubuntu ko Linux Mint nake zuba musu, tunda babu kuɗin lasisi. Kukan da na fi ji daga baya shi ne: "Malam, abin nan ya ƙi ganin kile ɗina na USB." Sau tari babu abin da ya lalace. Da gangan aka killace manhajar.

Tun 2016 kamfanin Canonical ya shigo da tsarin Snap cikin Ubuntu, Linux Mint kuma Flatpak take amfani da shi. Manufarsu ɗaya: a ɗauki manhaja kamar baƙo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, abin da yake buƙata a miƙo masa, amma ba ya leƙa ɗaki. Shi ya sa manhajar Snap da aka killace take iya buɗe takardunku, amma ba ta taɓa ɓoyayyun fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin su .ssh da .bashrc. Haka kuma ba ta sauya abin da ke cikin /etc, inda saitin na'urar baki ɗaya yake.

Matsalar tana farawa ne idan mutum ya gaji, ya kwafo umarni daga YouTube ko WhatsApp ya liƙa. Biyu na fi cin karo da su. Na farko, girka manhajar da ke neman --classic, wadda ba ta da shinge ko kaɗan. Na biyu, --filesystem=host a Flatpak, wanda ke buɗe mata kusan dukan fayilolinku. Manhajar da ta samu damar rubutu cikin .bashrc tana iya cusa layi ɗaya tak, wanda zai tashi a wajen shingen ranar da kuka buɗe tagar umarni. Kuma kasancewar abu a shagon manhajoji ba shaidar amana ba ce: a watan Mayun 2018 an gano wasanni a shagon Snap suna haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da na'urorin mutane.

Ku duba abin da ke cikin kwamfutocinmu: sunayen ɗalibai, jerin masu karɓar tallafin abinci, lambobin wayar 'yan gudun hijira. A halin tsaron da jiharmu ta Tillaberi take ciki, fitar irin wannan jeri ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ga abin da nake yi, nake kuma roƙonku ku yi:

Idan kile ce matsalar a manhajar Snap, ku kunna izinin removable-media kaɗai, a wurin saitin manhajar.

Idan Flatpak ce, ku girka Flatseal, ta nan ku ba manhajar jaka ɗaya da take buƙata. Ku ƙara :ro a ƙarshen sunan jakar, don ta karanta amma kada ta iya rubutawa.

Idan lallai sai ta ga saitin na'ura, akwai host-etc, wanda ya fi host ƙunci nesa ba kusa ba.

Ku rubuta snap connections a tagar umarni lokaci-lokaci, ku ga wa ke riƙe da wane izini, ku cire wanda ba ku san dalilinsa ba.

Umarnin da ba ku gane ba kuwa, ku ɗauki hotonsa da waya ku nuna wa mai gyara kafin ku danna. Tambaya kyauta ce, jerin sunayen da ya fita kuwa ba ya dawowa.