Yadda Ake Gina Rumbun Bayanan Filasmid Daga Bodinga Da Shagari

Filasmid ɗan zoben DNA ne da ke zaune cikin bakteriya, daban da babban kundin halittarta. Hatsarinsa shi ne yana tsallakawa daga wannan ƙwayar cuta zuwa waccan ɗauke da dabarar bijire wa magani. A kansa mcr-1, ɗaya daga cikin irin waɗannan dabaru da aka bayyana a Sin a 2015, ya karaɗe nahiyoyi yana karya lagon maganin kolistin.

Daga karkara aikin gina rumbun bayanan ke farawa. A ɗebo ruwan rijiya ko kashin kaji a Bodinga, ko ruwan madatsar Shagari inda dabbobi ke sha. Nan take a rubuta rana, gari da abin da aka ɗebo. A sa cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji a Sakkwato, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a raini ƙwayoyin a faranti, a ware E. coli ko Salmonella, a ga maganin da suka ƙi ji.

Sai a ciro DNA a karanta. Injin Illumina na ba da gajerun gutsattsari masu inganci, na Nanopore dogaye. Manhajar Unicycler ke haɗa su har zoben ya rufe.

Tantancewa kuwa nan gizo ke saƙa, domin ba a zuba gero a rumbu sai an sheƙe shi. Filasmid ɗin da zobensa bai rufe ba, a ajiye shi gefe. Wani guntun babban kundin ne ya yi shigar filasmid. A gwada shi da manhajar BLAST, a fitar. Wani kuma sau uku ya shigo da suna daban-daban. Manhajar Mash ke tona wannan, a bar guda. Irin tacewar da rumbun PLSDB na Jami'ar Saarland a Jamus ke yi wa tarin bayanan cibiyar NCBI ke nan. Wanda ya tsallake, PlasmidFinder zai faɗi danginsa, IncF ne ko IncX4, ResFinder kuma ya nuna ko yana ɗauke da dabarar bijire wa magani irin blaCTX-M-15, wanda ya yawaita a Najeriya.

A ƙarshe a tura wa babban rumbun GenBank, a karɓi lambar rajista, a riƙa sabunta rumbun.

Ɗalibai, a gurbin wuri kada ku tsaya ga rubuta "Najeriya". Ku rubuta Bodinga, ku rubuta Shagari, da shekara, domin likitan dabbobi ya san garken da zai fara dubawa.