Ƙarin kuɗin haya da notis: abin da doka ta ba ɗan haya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti da rodi da kwano suka yi tsada, masu gidaje kuma suka sauke nauyin a kan 'yan haya. A Abuja da Legas da Kano da Kaduna ya zama ruwan dare, ana saura wata guda kuɗin shekara ya ƙare, dillali ya zo da sabon farashi, ya ce ko a biya ko a kwashe kaya, akwai masu jira. Da yawa sukan tashi a firgice, su ci bashi ko su rarraba iyali gidajen dangi, alhali doka ta ba su wa'adin da ba su san da shi ba.

Haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Saboda haka ƙarin da mai gida ya yanke shi kaɗai tayi ne kawai, ba ya hawa kan ɗan haya sai ya amince. Wannan ba ya nufin za a dawwama a tsohon farashi. In an kasa daidaitawa, mai gida yana da ikon karɓar gidansa, amma ta hanyar da doka ta shimfiɗa. A Legas, Dokar Haya ta 2011 ta yarda ɗan haya ya kai ƙara idan yana ganin ƙarin ya wuce hankali. Kotu takan duba abin da ake biya a unguwar, kuma ba a fitar da shi kafin hukunci. Sai dai kowace jiha da tata dokar. Mai aiki a Abuja da ke kwana a Mararraba yana ƙarƙashin dokar Nasarawa ne, na Suleja kuma ta Neja.

A Abuja, tsawon notis ya danganta da irin hayar. Mai biya mako-mako, mako guda. Mai biya wata-wata, wata guda. Mai biya duk wata uku, wata uku. Mai biyan shekara kuwa, wata 6. Bayan wa'adin ya cika sai a ba shi wata takardar ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Daga nan sai shari'a, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da ikon fitar da kayan mutum, bayan alƙali ya ba da umarni.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wa'adin wata 6 yana aiki ne idan takardar yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. In an rubuta notis na wata guda, mutum ya sa hannu bai karanta ba, to wata gudan ne. Haka idan an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, da ranar ta cika hayar ta ƙare, takardar kwana 7 ce kawai ta rage. Ba dabara ba ce kuma a jingina da kuskuren rubutu a cikin notis, domin a 2021 Kotun Ƙoli ta nuna cewa sammacin kotu kansa ya isa sanarwa. Duk kwanakin da mutum ya ƙara a gidan bayan hayarsa ta ƙare, sai ya biya kuɗinsu.

Abin da mai gida ba shi da ikon yi a fili yake: cire rufi ko ƙofa, sauya kwaɗo, yanke wuta da ruwa, ko turo 'yan daba su watsa kaya waje. Dokar Legas ta tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne tayar da mutum daga gidan haya. Wanda aka yi wa haka ya ɗauki hoto da waya, ya kira maƙwabta su shaida, ya nemi lauya. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana ba marasa ƙarfi shawara kyauta.

Babban makamin ɗan haya shi ne rasit. Kada fushi ya sa ya daina biya, domin bashin haya shi ya fi komai karya shi a gaban alƙali. Ya biya tsohon farashi ta banki, cikin asusun mai gida, ya rubuta na wane wata ne. Kuɗin da aka miƙa wa dillali hannu da hannu sau da yawa ba ya barin sawu. Ya amsa takardar ƙari a rubuce, ya faɗi abin da zai iya, ya nemi a raba biyan kashi biyu ko uku. Sulhu a gaban mai unguwa ko limami ya fi shari'a sauƙi da arha, muddin an rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu.

Ga mai sa ran samun mafita a gidan gwamnati kuwa, batun yana buƙatar a faɗi gaskiya. A Ingila ƙananan hukumomi suna da gidajen da suke bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya mai rahusa. A Najeriya, tun daga gidajen Shagari har zuwa rukunin gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana ta Abuja a 2024, akasari sayarwa ake yi. Hanyar da ta fi kusa da talaka ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Ana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ɗan kasuwa ma yana iya shiga, bayan wata 6 ana zubi sai a nemi lamuni daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6, a biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Wanda yake gudun kuɗin ruwa ya tambayi bankin ko yana da tsarin haya har a mallaka marar ruwa. Ko ta wace hanya aka bi, masu nema sun fi gidajen yawa nesa ba kusa ba, kuma aikin takardu yana cin lokaci. Duk wanda ya tare mutum a bakin ma'aikata ya ce a ba shi kuɗi ya sama masa gurbi, a yi hattara da shi.

Don haka wanda aka miƙa wa notis ya cike fom ɗin gwamnati in ya cancanta, amma kada ya zauna jiransa. Ya fara neman wani gidan haya tun makon farko, ya riƙa ajiye kuɗin dillali da na yarjejeniya, ya kuma karanta sakin da ya yi maganar notis da ƙarin kuɗi kafin ya sa hannu a sabuwar takarda.